Babi na Bakwai: Fim Ɗin Da Ke Roƙo A Madadin Ƙasa

Ƙasa ba ta mutuwa rana ɗaya. Bana iska ta kwashe saman gona, baɗi kwazazzabo ya ƙara faɗi da taku biyu, baɗin baɗaɗa rijiyar da ake tarar da ruwa a gaba goma sai an kai gaba goma sha biyar. Ko wanda aka haifa a wurin sai ya yi furfura kafin ya gane girman abin da ya rasa. Wannan ce wahalar farko da ke gaban duk ƙungiyar da ta ɗora wa kanta aikin kare daji, ko fadama, ko makiyaya, ko farfaɗo da ƙasar da ta gaji. Tana neman kuɗi a hannun mutanen da ba su taɓa taka wurin ba, saboda wata asara da ba ta da fuska. Yaro mai yunwa ana ganin yunwar a idonsa. Gidan da ambaliya ta rushe ana ganin ɓaraguzansa. Fako kuwa, wanda bai san wurin da can ba zai ɗauka haka Allah ya halicce shi.

Shi ya sa irin waɗannan ƙungiyoyi ke komawa ga fim, domin gani ya kori ji. Cikin minti huɗu ko biyar kyamara za ta iya haɗa shekara talatin wuri guda, ta ɗauki mai kallo daga falonsa ta ajiye shi a tsakiyar gona. Sai dai wannan ƙarfi yana tafe da nauyi. Kuɗin masu taimako yana bin abin da aka nuna musu. Abin da kyamara ta ɗauka shi ake biya wa, abin da ta kauce masa kuma sai ya zama kamar babu shi. Don haka mai shirya fim ɗin neman tallafi yana yanke hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, a kan wane aiki ne zai samu kuɗi, da kuma wa za a ɗauka a matsayin mai ƙasar. Tarihin wannan sana'a ya tabbatar da haka tun daga farkonsa.

Jirgi mai zanen jakin dawa

A 1956 wani likitan dabbobi Bajamushe mai suna Bernhard Grzimek, shugaban gidan namun daji na birnin Frankfurt, shi da ɗansa Michael suka fitar da fim a kan yadda namun dajin Afirka ke ƙarewa. Fim ɗin ya karɓu, ya kawo riba. Suka yi tayin ba hukumomin mulkin mallakar Birtaniya a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, wannan kuɗi domin a sayi ƙasa a ƙara wa gandun Serengeti. Hukuma ta ce abin da ta fi buƙata shi ne a ƙidaya dabbobin, a kuma gano hanyar da suke bi idan sun tashi ƙaura, saboda a lokacin ana shirin sake shata iyakar gandun. Uba da ɗa suka koyi tuƙin jirgin sama, suka sayi ƙaramin jirgi suka yi masa zane irin na jakin dawa, suka nufi Gabashin Afirka a ƙarshen 1957. Ƙidayarsu ta ba da manyan dabbobi kimanin 367,000, alhali ana ta cewa sun kai miliyan.

Ranar 10 ga Janairu 1959 jirgin Michael ya yi karo da ungulu ya faɗi, ya rasu yana ɗan shekara 24. Aka binne shi a bakin ramin dutsen Ngorongoro. Uban ya daure ya kammala fim ɗin da suka fara tare, Serengeti darf nicht sterben, wato kada Serengeti ta mutu. A 1960 fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Grzimek yana kuma da shirin talabijin da ya fara a 1956 ya ci gaba da gabatarwa har kusan rasuwarsa a 1987. Yakan shigo ɗakin shiri da dabba mai rai, ya yi bayani cikin natsuwa, a ƙarshe ya roƙi masu kallo su taimaka. Gudummawar Jamusawa talakawa ce ta gina ƙungiyar kula da namun daji ta Frankfurt har ta zama babba, kuma tana aiki a Serengeti har yau.

Duk abin da ake so a fim ɗin neman tallafi yana nan: wuri ɗaya mai suna, haɗari da ake iya fahimta, mutane biyu da suka ba da rayuwarsu, lissafi da aka yi da gaske, da roƙo a fili. Wanda ya ce bai yi amfani ba bai yi adalci ba, domin garken namun daji da ke ratsa wannan fili duk shekara suna cikin abubuwan da duniya ke alfahari da su.

Amma akwai waɗanda hoton ya tura gefe. Makiyayan Masai sun daɗe suna kiwo a wannan ƙasa. A 1959 aka fitar da su daga gandun Serengeti aka mayar da su yankin Ngorongoro, bisa alkawarin cewa a can za su zauna da shanunsu. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta yanke wannan shawara, kuma ta yanke ta kafin fim ɗin ya fito. Sai dai Grzimek yana da ra'ayin cewa bai kamata kowa ya zauna cikin gandun daji na ƙasa ba, ko da ɗan asalin wurin ne, kuma fim ɗinsa ya dasa wa miliyoyin Turawa hoton Afirka mai kyau a matsayin fili marar mutane. Wanda ya saba da wannan hoto, idan ya ga makiyayi a ciki sai ya ɗauke shi mai kutse. Rigimar ba ta ƙare ba. A watan Yuni 2022 an yi arangama a Loliondo, gabas da Serengeti, lokacin da hukuma ta shata murabba'in kilomita 1,500 ta hana Masai kiwo a ciki. Darasin a nan mai nauyi ne: fim na iya faɗin gaskiya a kan dabbobi, ya kuma cuci mutane da shirunsa.

Manomin Gourga

Bayan shekara hamsin wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, Mark Dodd, ya bi wata hanya dabam. A 2010 ya fitar da The Man Who Stopped the Desert, wato mutumin da ya tsayar da hamada, a kan Yacouba Sawadogo, manomi daga ƙauyen Gourga kusa da Ouahigouya a lardin Yatenga, arewacin Burkina Faso. Lokacin da fari na shekarun 1970 da farkon 1980 ke korar mutane daga ƙauyuka, Sawadogo ya bar kasuwanci ya koma gona. Ya ɗauko tsohuwar dabarar Mosawa ta haƙa ramuka a fako, wadda suke kira zai, ya gyara ta. Ya faɗaɗa ramukan ya ƙara musu zurfi, ya haƙa su tun da rani, ya zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar nutsewa maimakon ya gudu. Ya jera duwatsu a layi don rage gudun ruwa. A cikin ramukan gero da dawa suka yi, itatuwa kuma suka tsiro. Mutane suka ce ya taɓu, har aka taɓa cinna wa dajinsa wuta. Bai fasa ba, sai da ya raya daji mai faɗin kusan hekta 40 da itatuwa da tsirrai sama da iri 60 a inda da babu komai. Daga 1984 ya riƙa tara manoma sau biyu a shekara ana musayar iri ana koyon aiki. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga yankin Illela na jihar Tawa a Nijar suka ziyarci Yatenga, suka komo da dabarar, ita ce tassa da ake yi a can har yau.

Abin lura a aikin Dodd shi ne wanda ya ba tsakiyar fili. Akwai masana a fim ɗin, ciki har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan wanda ya daɗe yana bin aikin Sawadogo, amma shaida suka zo bayarwa. Mai labarin shi ne manomin, da harshensa da fartanyarsa. Mutanen yankin ne suka taka rawar abubuwan da suka faru a baya. Fim ɗin kuma bai ɓoye barazanar da ta fi hamada kusa ba: garin Ouahigouya yana faɗaɗa, ana yanka filaye, shi kuwa Sawadogo ba shi da takardar mallakar ƙasar da ya raya da hannunsa. Bayan fim ɗin sunansa ya zagaya duniya. A 2018 aka ba shi kyautar Right Livelihood a Suwidin, a 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi, a 2021 aka zagaye dajin da shinge. Ya rasu a watan Disamba 2023.

Me ya sa labarin mutum ɗaya ke motsa zuciya fiye da labarin yanki guda? A 2007 masu bincike uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, suka ba mutane dala 5 kowanne, suka ba su damar bayar da abin da suka ga dama ga wata ƙungiyar agaji. Waɗanda aka karanta wa alƙaluman miliyoyin masu yunwa a Afirka sun bayar da dala 1.14 a matsakaici. Waɗanda aka ba labarin yarinya ɗaya 'yar shekara 7 daga Mali sun bayar da dala 2.38. Da aka haɗa labarin yarinyar da alƙaluman, kyautar ta sauko zuwa dala 1.43. Wannan ba izinin ɓoye lissafi ba ne. Abin da yake koyarwa shi ne tsari: a fara da mutum, a bar mai kallo ya san shi, sannan a kawo lamba ɗaya ko biyu da za su nuna cewa irinsa suna da yawa. Sauran alƙaluma a ajiye su a takardar da za a miƙa wa wanda ya nemi ƙarin bayani.

Abin da kyamara ke so, da abin da ƙasa ke so

Babu abin da ya fi sauƙin ɗauka kamar bikin dashen itace. Ga 'yan makaranta a jere, ga babban baƙo ya durƙusa, ga tsiro a leda, ga butar ban ruwa. Hoto ne mai kyau, kuma shi ya sa kuɗi ya daɗe yana kwarara wajen dashe. Tambayar da ba a cika ɗauka a fim ba ita ce: nawa ne suka kai rani na biyu?

Ƙasar Maraɗi ta ba da amsa. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya iso wannan yanki na Nijar a farkon shekarun 1980 yana aikin dashe, yana kallon yawancin abin da aka dasa yana mutuwa saboda rana da iska da awaki. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa duk shekara kafin shuka, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne manomi ya zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su. Da wuƙa ko lauje ake yi, ba a sayen komai. Manoma suka kira shi sassaben zamani, suka koya wa juna daga gona zuwa gona. A yankin Damagaram kuma manoma suka riƙa barin gawo yana girma a gonakinsu, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wani abin da ya taimaka shi ne sassauta dokar da ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, domin ba wanda zai reni itacen da za a ci shi tara idan ya sare reshensa. Binciken da Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara.

Wannan na cikin manyan ayyukan raya ƙasa da aka taɓa yi a Afirka, amma ya yi shekaru kusan ashirin duniya ba ta san girmansa ba, saboda mutum mai datse reshen kalgo ko sabara ba ya jan ido. Sai da Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya ajiye hoton sama na ƙauyen Galma na 1975 kusa da na 2003, sannan masu shakka suka yarda. Fim ɗin da Bajamushe Volker Schlöndorff ya yi a kan Rinaudo bai shiga gidajen sinima ba sai a 2022. Haka ma a ƙasar Sin: mai shirya fim John D. Liu ya fara ɗaukar tudun Loess a 1995, lokacin da Bankin Duniya da gwamnatin ƙasar ke aikin farfaɗo da shi, ya riƙa komawa yana ɗauka. Ƙarfin finafinansa yana cikin wuri ɗaya da aka nuna sau biyu, da can tsirara, yanzu kore.

Aikin mai fim na gaskiya ke nan: ya nemo hanyar nuna aikin da ke da amfani, ko da ba shi da armashi a ido. Idan abin da ƙungiya ke buƙatar kuɗi dominsa shi ne zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali, ko biyan mai safiyo, ko samo takardar mallaka, ko albashin mai gadin daji, to wannan za a nuna, a bayyana dalilinsa. Wanda ya nuna dashe ya karɓi kuɗi ya kashe a wani abu, ko da abin ya fi dashen amfani, ya yaudari mai bayarwa.

Kafin a kunna kyamara

Fim ɗin neman tallafi a takarda yake farawa. Shugabannin ƙungiya da mai shirya fim su zauna su amsa tambaya huɗu, kowace da jimla ɗaya. Wane wuri ne, kuma nawa ne faɗinsa? Me zai same shi idan ba a yi komai ba, kuma yaushe? Nawa ake nema, kuma me kuɗin zai yi? Wa zai kalli fim ɗin, a ina? Idan amsar tambaya ta uku ita ce «don mu ci gaba da ayyukanmu», to lokacin fim bai yi ba. Tambaya ta huɗu kuma ita ke yanke tsawo da salo. Abin da za a haska a zauren taron gidauniya, inda mutane ke zaune sun ba da hankalinsu, zai iya kai minti biyar ko shida. Abin da zai yawo a WhatsApp da Facebook kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, da rubutu a ƙasa, domin da yawa suna kallo ba tare da kunna sauti ba. A tsara duka biyun tun farko, a ɗauke su a tafiya guda.

Sai neman mai labari. Da ɗan gari akan ci gari. A fara da mai gari da sarkin noma da arɗon Fulani da shugabar mata, a gaishe su yadda ya kamata, a faɗi gaskiyar abin da ya kawo mutum: fim ne na neman kuɗi, ga wanda zai gani, ga inda kuɗin zai tafi. A je ba kyamara a karon farko. Wanda ya fi iya magana a gaban baƙi ba lallai ne shi ya fi sanin ƙasar ba. Sau da yawa matar da ke tafiyar awa biyu neman itacen girki ta fi kowa sanin ranar da dajin ya fara ja da baya. Kuma a nemi jin ta bakin wanda aikin zai takura. Idan za a killace wuri, akwai mai kiwon da zai rasa hanya, akwai mai saran itacen da zai rasa abinci. Fim ɗin da ya nuna yadda aka daidaita da su ya fi gamsar da mai hankali.

Tambayar da ake yi ita ke haifar da amsar da ake samu. Wanda ya ce wa dattijo, «Me za ka ce game da sauyin yanayi?» zai samu maimaicin abin da dattijon ya ji a rediyo. A tsaya da shi a gindin itace a ce, «Baba, wannan gawon wa ya bar shi?» ko a ce wa tsohuwa, «Inna, lokacin da aka kawo ki garin nan, ina kuke ɗebo ruwa?» Daga nan sai a yi shiru a saurara. Kada a rubuta wa kowa abin da zai faɗa, kada a ce ya sa tsumma ko ya ɓata fuska. Mutum ya yi magana da harshensa, a fassara a rubuce ba ƙari ba ragi. Yardarsa a ɗauke ta a murya idan ba ya karatu, bayan an yi masa bayani, yara kuma sai da izinin iyayensu.

Ƙasa tana da kalandarta, kuma ba ta jiran kowa. A yankinmu na Sahel wanda ke son nuna bambanci dole ya ɗauki wuri a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da rani ya kai maƙura, ya dawo a Agusta ko Satumba. A kafa alama a inda aka girke kyamara, da dutse ko turke, a rubuta tsayinta da inda ta fuskanta. Sai dai a nan ma akwai tarko: hoton rani kusa da hoton damina ba shaidar aikin ƙungiya ba ne, shaidar ruwan sama ne. Shaidar gaskiya ita ce rani da rani, shekaru a tsakani, ko gonar da aka yi wa aiki kusa da wadda ba a yi wa ba a rana ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yau duk mai waya yana iya duba hoton tauraron ɗan'adam ya gani da idonsa.

Sauran shawarwarin gajeru ne. A ɗauki fili da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin hasken tsakar rana yana kashe hoto. A kashe kuɗi a kan makirufo mai kyau da abin tare iska, saboda mai kallo yana yafe hoto mai rauni amma ba ya jure muryar da ba ya ji. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto yana nuna faɗin wuri da iyakarsa, amma yana buƙatar izinin hukuma, musamman a yankunan da ke da matsalar tsaro, kuma daga sama mutane kan zama ɗigo, don haka a sauko da wuri. Kiɗa da tsofaffin hotuna a nemi izinin masu su. Kuɗin yin fim ɗin kuma a auna shi da abin da ake sa ran tarawa, a rubuta shi a lissafin da kowa zai gani.

Roƙon kansa

Kunya kan hana ƙungiyoyi da yawa yin abin da ya tara su. Sai a yi fim mai taɓa zuciya, ya ƙare da tambarin ƙungiya, mai kallo ya share hawaye ya tashi bai san abin da ake so ya yi ba. A watan Oktoba 2019 wasu fitattun masu shirye-shirye a YouTube, Jimmy Donaldson da aka fi sani da MrBeast da Mark Rober, suka ƙaddamar da gangamin Team Trees tare da gidauniyar Arbor Day ta Amurka. Roƙonsu ko yaro zai riƙe shi: dala ɗaya, itace ɗaya, ana neman miliyan 20 kafin shekara ta ƙare. Suka cika adadin a watan Disamba, cikin ƙasa da wata biyu. Ba kowa ke da mabiyansu ba, amma kowa na iya koyon tsarin: adadi sananne, wa'adi sananne, da abin da kowace gudummawa za ta saya.

Idan akwai attajiri ko kamfani da ya yarda zai ninka duk abin da aka bayar, a faɗa a cikin fim ɗin. Masu bincike biyu, Dean Karlan da John List, sun gwada wannan da wasiƙu sama da 50,000 a Amurka, suka wallafa a 2007 cewa ambaton ninkawa kawai ya ƙara kuɗin da ake samu da kashi 19 cikin ɗari, kuma ninki uku bai fi ninki ɗaya tasiri ba. Wanda zai yi roƙon ya zama mutum ne da aka gani a fim ɗin yana aiki, ya dubi kyamara ya faɗi adadin. Lambar asusu ta kasance da sunan ƙungiya, ta daɗe a allo har mai kallo ya kwafa. A taron gidauniya kuwa, da zarar fim ya ƙare a buɗe karɓar alkawari, kada a saka dogon jawabi a tsakani.

Bayan kuɗi ya shigo

Kafin a haska fim ga masu kuɗi, a fara haska shi a garin da aka ɗauke shi. Iyayenmu sun san majigi a dandali, kuma yau farin ƙyalle da ƙaramin janareta sun isa. Mutanen da aka ɗauka su ga kansu, su gyara abin da aka faɗa ba daidai ba, wanda ya ga an nuna shi ta hanyar da ba ta yi masa daɗi ba a saurare shi. Amfanin wannan ya wuce ladabi, domin manomin ƙauyen gaba da ya ga ɗan'uwansa yana bayanin tassa ko sassaben zamani da harshensu yakan gwada a gonarsa ba tare da an ba shi ko sisi ba.

Bayan shekara guda a koma kan turken nan da aka kafa, a ɗauki fim na biyu, gajere. A faɗi abin da aka tara, da abin da aka kashe, da abin da ya yi, da abin da bai yi ba. Idan rabin itatuwan sun mutu a faɗa, a faɗi dalili da abin da aka sauya. Mai bayarwa da aka gaya wa gaskiya yakan sake bayarwa, wanda ya gano da kansa an rufe shi ya tafi ke nan, kuma zai tafi da amincin sauran ƙungiyoyi masu aikin kirki.

Muna da matasa masu gwanintar kyamara da tace hoto a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi da Damagaram, muna kuma da fadamun Haɗeja da Nguru da kachala ke cinyewa, da burtalai da ake nomewa, da dazuzzukan da gawayi ke ƙararwa. Kira gare ku, masu ƙungiyoyi da masu fim: ku je ku ɗauko labarin waɗannan wurare daga bakin masu su, ku nuna aikin da ake yi na gaskiya, ku faɗi adadin da kuke nema ba kunya, sannan ku dawo ku ba da lissafi. Amana uku ce a wuyanku, ta mai ƙasa da ta mai bayarwa da ta ƙasar kanta, kuma za a tambaye ku a kan kowace.